Dabbobin Auta

Ƙamshin sabuwar takarda ne ya tono mini wannan zance. Jikata, wadda ke koyar da ƙananan yara a lakwal a nan Magaria, ta shigo mini ran nan da jaka cike da littattafan hotuna, ta zube su a kan tabarmata. Wai an ce su zaɓi waɗanda suka dace da 'yan shekara huɗu zuwa biyar, shi ne ta zo ta ji ta bakina. Ni! Ni da ko ƙofar lakwal ban taɓa takawa ba. Na ce mata, "Ke dai kin raina ni, ja'ira." Amma na ɗauki guda na buɗe, ƙamshin nan ya bugi hancina, sai na ji jikina ya mutu.

Da na dawo hayyacina na ce mata ta zaɓi masu dabbobi, masu takarda mai kauri wadda hannun yaro ba zai yaga da wuri ba, kuma ta duba wanda dabbar ke kallon yaro sosai, bakinta a fili. Ta yi dariya, ta ce duk ta gane, amma mene ne na baki? Na ce ta kwashe kayanta, barci nake ji. Ita ban ba ta amsa ba. Ku zan ba, don na gaji da riƙon abin nan ni kaɗai.

Ƙauyenmu tafiyar hantsi ne daga Sassumbrum. Lokacin Nasara na mulki, amma mu yara ba mu san su ba sai a bakin manya, sai kuma kamiyon gyaɗa, babbar motar nan da ke ratsa gonaki bayan girbi mu bi shi da gudu. Gidanmu ba babba ba ne. Akwai Baba da Inna, akwai Gwaggo, yayar Baba, wadda ta dawo gida tun rasuwar mijinta. Akwai kakanmu, mahaifinsu Baba, wanda muke ce wa Tsoho. Sai ni mai shekara bakwai, sai ƙanwata Auta mai huɗu.

Tsoho ba babban malami ba ne, manomi ne kamar kowa. Sai dai ya yi karatu gwargwado, yana da buzunsa a zaure da alluna jingine a bango, da kurtun tawada da yake haɗawa da kansa da baƙin tukunya da ƙaro. In kanka na ciwo ya yi maka rubutu, ya wanke allon a ƙoƙo ka sha. Mutum ne mai tsoron Allah ƙwarai, ba shi da hayaniya. Auta kuwa sunan mahaifiyarsa ta ci, don haka bai taɓa kiran sunanta ba, Uwata yake ce mata. Ita kaɗai ke jan gemunsa ta kwana lafiya.

Ni fa 'yar fari ce, kun kuwa san yadda ake. Uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta jan shi a jiki a gaban mutane. "Ke" Inna ke ce mini, in ta ji daɗi ta ce "yarinyar nan". Yau na san kunya ce, na ma yi wa nawa ɗan farin haka. Amma je ka gaya wa 'yar shekara bakwai cewa kunya ce. Ni dai abin da idona ke gani shi ne, cinyar Inna ta Auta ce, tulu da turmi nawa ne.

Da bazarar shekarar ƙyanda ta shigo gari ta kwashi yara. Auta ta kamu, ta tashi, amma ba ta tashi duka ba. Bakinta ya yi miki, gashinta ya yi ja, ƙafafun suka koma kamar sillen kara. Babban abin tashin hankali shi ne ta ƙi abinci. A dama kunu ta kau da kai, a kawo fura ta datse haƙora. In an yi mata ɗure ta amayar. Likita, asibiti ke nan, tana can Magaria, da nisa, mutanenmu kuma tsoronta suke yi. Tsoho ya yi rubutu har alƙalaminsa ya dakushe. Inna takan zauna da ƙoƙo a hannu har kunun ya huce, ta miƙo mini in shanye.

Ana cikin haka, bayan an yi shuka, Kawu ya zo duba ta. Ƙanin Inna ne, yana aikin kuku a gidan wani Bature mai sayen gyaɗa a Magaria. Matar Baturen za ta koma ƙasarsu, ta watsar da tarkacen 'ya'yanta, shi kuma ya tsinto littafi guda ya sako a aljihun riga. Ya riga ya yage shafi ɗaya a hanya. Na ji ya raɗa wa Inna cewa alade ne.

Kai, jama'a, ranar nan! Ba mu taɓa ganin launi irin wannan a kan takarda ba. Takardar kanta mai kauri ce, mai santsi, tana sheƙi, ga ƙamshi. Kowane shafi dabba ɗaya, da ɗan rubutun Nasara a ƙasa wanda babu mai iya karantawa a duk ƙauyen. Ga zakara ja. Ga agwagwa. Ga doki mai gashi har kofato. Ga saniya mai dabbare-dabbaren baƙi da fari, babu tozo ko na magani, har Baba ya ce wannan an cuce ta. A tsakiyar littafin kuma ga wata farar akuya mai gemu, da ƙararrawa a wuya, ta juyo tana kallon mutum, bakinta a ɗan buɗe.

Auta ta daɗe tana kallon akuyar. Can ta ce, da 'yar muryarta da ta shaƙe, "Inna, yunwa take ji."

Inna mace ce mai saurin ganewa. Ta turo ƙoƙon kunu da ɗan ludayi. Auta ta ɗebo, ta kai bakin akuyar ta ce, "Sha." Ta jira kaɗan. Sai ta juyo da ludayin ta kai bakinta ta shanye, wai ta taya ta. Ta buɗe shafi na gaba, zakara ma ya sha. Agwagwa ta sha, doki ya sha biyu don shi babba ne. Kafin a kai bangon ƙarshe ƙoƙo ya tashi. Inna ta shige bayan ɗaki, na bi ta na tarar tana share ido da bakin zane.

Haka aka shiga yi, safe da rana da maraice. Ruwa ya zauna, gero ya kai gwiwa, manya suna wuni a gona wajen noma, Auta tana inuwar rumbu da littafinta tana yi wa dabbobi faɗa da lallashi. Kumatunta suka fara dawowa. Har ta soma miƙewa tana dafa danga. Duk gidan aka san cewa ran yarinyar nan yana rataye da littafin nan, ba wanda ya faɗa da baki dai.

Ni kuwa ba a bari in taɓa. Wai hannuna da dauɗa, wai zan yaga. In na dawo daga rijiya wuyana na ciwo, sai dai in leƙa ta bayan kafaɗarta, ita kuma ta rufe da hannu ta ce dabbobinta ba su son baƙo. Wata rana haushi ya ci ni na fizge. Ta riƙe, gefen shafin agwagwa ya yage. Ta ƙwala ihu. Inna ta taso daga bakin murhu ta zuba mini rankwashi a gaban matan maƙwabta da suka shigo aron turmi, ta ce, "Ke wace irin muguwa ce? So kike ta mutu?"

Ban yi kuka ba. Na ɗauki tulu na bi Gwaggo rijiya. Tana jan guga na ce mata, "Gwaggo, akuyar littafin nan fa tana amsa wa Auta magana. Na ji ta."

Wallahi ban shirya ba, haka nan ta fito. So nake kawai a ƙwace littafin na kwana ɗaya ita ma ta ji yadda nake ji. Gwaggo ta saki igiya, guga ya faɗa rijiya. Ta dafe ƙirji tana salati. Dama tun zuwan littafin take ƙunƙuni cewa kayan Nasara ba a raba su da iskoki, kuma yarinyar da ke hira da takarda ba lafiya ba. Ko tulun ba mu cika ba ta ja hannuna sai zaure.

Tsoho ya saurare ta har ta gama. Ya dube ni ya ce, "Da kunnenki kika ji?"

Nan ne ya kamata in tsaya. Amma Gwaggo na tsaye a kaina, kaina kuma na zafin rankwashi. Na ce, "Da kunnena."

Gwaggo ta ce a jefa littafin a wuta yanzun nan. Tsoho ya ce a'a, akwai rubutu a ciki, wa ya sani ko da sunan Allah. Daga baya na gane ba wannan ne dalilinsa ba, ba zai iya raba Uwarsa da abin da ke ba ta abinci ba ne. Shi ma kuma zuciyarsa ta daɗe ba ta kwanta ba, don ya karanta cewa siffar mai rai ba ta kwana a ɗakin da ake salla. Ya shiga jan gemu. Can ya ce ya tuna abin da malaminsa ya gaya masa, cewa siffa in an raba kanta da gangar jikinta ta tashi daga mai rai, ba abin da zai shiga cikinta ya zauna. Ya ce ga hanyar da ba a ƙona ba, ba a kuma bar ɓarna ba. Har fuskarsa ta saki, yana ganin ya samo wa kowa mafita.

Da azahar Auta ta yi barci, Gwaggo ta zare littafin daga ƙarƙashin hannunta. Tsoho ya fiƙe alƙalami, ya tsoma a kurtu. Ni aka sa in riƙa buɗe masa shafi. Kun ga, ranar na taɓa littafin son raina. Ya ja baƙin layi a wuyan zakara, daga wannan gefe zuwa wancan. Ya ja a na agwagwa, da doki, da saniya. Da aka zo kan akuya ya ɗan dakata, sa'an nan ya ja, daidai saman ƙararrawar. Ya hura har ta bushe, aka mayar mata inda yake.

Abin da babu wanda ya tuna a cikinsu shi ne, yarinyar nan ta ga layya. Ta san inda ake sa wuƙa.

Ta farka da la'asar, Inna ta kawo kunu. Ta buɗe littafin. Ta buɗe shafi na biyu, na uku, tana sauri, har ta kai kan akuya. Ba ta yi kuka ba, da ma ta yi. Ta ɗago ta dube mu ɗaya bayan ɗaya ta ce, "Wa ya yanka su?"

Inna ta miƙa ludayi ta ce, "Ba su mana, yunwa suke ji."

Ta ce, "An yanka su. Ba su ci." Ta rufe littafin ta juya fuska wajen danga.

Ranar ba ta sha ba. Washegari ma haka. Tsoho ya zo ya durƙusa a gabanta, tsoho mai furfura, yana cewa, "Uwata, ba yanka ba ne, igiya ce na ɗaura musu kada su shiga gonar mutane." Ta dube shi da idanun nan da suka faɗa ta ce, "Ƙarya kake, Tsoho." Ni ina raɓe a jikin turmi ina ji. Sau nawa na buɗe baki in ce ni ce, ban ji komai ba, ƙarya na yi! In na tuna abin da Inna ta ce, wai so nake ta mutu, sai harshena ya yi nauyi.

A rana ta uku da hantsi Tsoho bai tafi gona ba. Ya ɗebo ruwa a ƙwarya ya zauna a ƙofar zaure da littafin. Duk rayuwarsa abin da ya rubuta da tawadar nan wanke shi yake yi, allo ya koma fes. Ya san takarda, ba wai bai sani ba, amma wannan da santsinta da sheƙinta ya ɗauka ruwa zamewa zai yi a kanta. Ya jiƙa yatsa ya goga a wuyan akuyar. Tawada ta narke ta malale har ƙirjinta. Ya ƙara ruwa ya murza da babban yatsa. Sai takardar ta fara naɗewa tana bin yatsansa, gemu ya tafi, baki ya tafi, ido ya tafi. Ya gwada na doki a hankali, da bakin rawaninsa, nan ma haka. Ya zauna yana kallon hannuwansa da suka yi baƙi. Ban taɓa ganin babban mutum ya rasa abin yi ba sai ranar.

Ya shanya littafin a kan danga. Damina ce, iska a jiƙe, kafin la'asar shafukan sun manne da juna sun kumbura.

Sai ya yi abin da har yau in na tuna nake jin tausayinsa ya fi na kowa. Ya ɗauko allonsa mafi kyau, ya tsoma alƙalami. Mutumin da bai taɓa zana ko ƙadangare a ƙasa ba. Gwaggo ta leƙo ta ga abin da yake yi ta ce, "Baba! Kai da kanka?" Bai ɗago ba ya ce, "Ni zan amsa a gaban Ubangijina. Koma ciki."

Akuyar da ya zana, Allah Ya jiƙansa, ta fi kama da kujerar tsugunno mai ƙaho. Ƙafa ɗaya ta fi sauran tsawo. Ya kai wa Auta ya riƙe mata allon. Ta daɗe tana dubawa. Sa'an nan ta ce, "Ina ƙararrawar?" Tsoho ya tashi da gudu, wallahi da gudu, ya ɗauko kurtu ya ɗiga mata ƙararrawa. Ta ɗan murmusa. Ta karɓi ludayi ta kai bakin allon ta ce, "Sha." Ta sha biyu, na ukun ya dawo.

Kwana ukun nan sun riga sun cinye ɗan abin da ta tara. Zawo ya shigo, jikin ba shi da abin riƙewa. Ta ƙara kwana biyar tana ba akuyar Tsoho ludayi ɗaya, wani lokaci rabi. Ranar Juma'a da hantsi, gero ya fara fid da kai, ta cika a cinyar Inna. Baba ya ɗauke ta a 'yar tabarma, a hannu, ko makara ba a nema ba.

Mutane suka ce kwana ne ya ƙare, haka ne kuwa, ban musa ba. Yaran da ƙyanda ta taɓa da yawa sun bi ta a wannan damina, su da ba su taɓa ganin littafi ba. Na sha gaya wa kaina haka. Tsoho dai bai karɓi wannan magana ba. Ya daina rubutu, in an zo neman na ciwon kai ya tura mutum unguwar gaba. Ya juya allon nan ya fuskanci bango, ya hana kowa taɓawa. Tuwonsa yakan dawo kusan yadda aka kai shi.

Bayan girbi, wata rana da hantsi, yana zaune a inuwar rumbun da Auta ke zama yana tufka igiya, ya kira ni. Ya sa na zauna kusa da shi. Ya ci gaba da tufkarsa. Can ya ce, "Akuyar nan da kika ji tana amsa mata. Me take cewa?"

Na ɗaga kai na dube shi. Ba tuhumata yake yi ba. Roƙona yake yi. Shekarata bakwai amma na gane sarai: in na ce ba ta ce komai ba, to ya yanka wa Uwarsa abincinta a banza ke nan. Ba zan kuma yi muku ƙarya ba a kan wannan, tsoro ma na ji, tsoron yadda zai dube ni in ya sani. Ban san wanne ya fi yawa ba.

Na ce, "Cewa take, taho mu tafi."

Ya rufe ido. Ya ja dogon numfashi ya ce, "Ashe kiranta suke yi. To, Allah Ya ga na yi ƙoƙarin tsare ta." Ya dafa kaina, abin da bai taɓa yi ba. Ya tashi ya shiga zaure ya ɗauko allon, ya wanke akuyarsa tas da ƙararrawarta, ya zubar da ruwan a gindin danga yana istigfari. Ranar ya cinye tuwonsa har ya nemi ƙari, Inna ta yi ta mamaki. Ya ƙara shekara biyu a duniya, ya rasu yana sa mini albarka.

Yau hoto ya cika ko'ina. Yana bangon ɗaki, yana jikin zane, yana cikin wayar da ke aljihun kowane yaro. Limaminmu ma da nasa a katin shaida, ba wanda ya ja masa layi a wuya. Tattaɓa-kunnena an ɗauke su hoto tun ba su buɗe ido ba. Auta kuwa ba ta da ko ɗaya, Tsoho ma haka. Inna ta tafi, Baba ya tafi, Gwaggo da Kawu sun tafi, duk ba su sani ba. Ni kaɗai na rage wadda ta san fuskar yarinyar nan, ita ma ta fara ɓace mini, sai muryar.

Na yi azumi, na yi sadaka da sunanta, na je Makka na roƙa. Shekaruna sun ja, na san tafiyar ta kusa. Ƙarya biyu na yi wa Tsoho. Ta farkon na san laifi ce, na tuba tun ina yarinya. Ta biyun ce har yau ban san me zan ce a kanta ba in an tambaye ni, don da za a mayar da ni inuwar rumbun nan, Tsoho ya sake dubana haka, ina jin abin da zan sake gaya masa ke nan.